Ɗalibar da ta san amsa amma bakinta ya ƙi buɗuwa

Akwai wata yarinya da aka turo mana fostin, wato zaman koyon aiki, a ɗakin mata bara, 'yar aji biyu ce a makarantar jinya, tun satin farko na lura duk sanda za a yi handoba da safe, wato miƙa rahoton marasa lafiya ga masu karɓar aiki, ita ce can ƙarshen layi, ta maƙale bayan wata doguwar ƙawarta, ta rungume littafinta a ƙirji. Rannan muna zagaye babbar sista ta juyo tace ke, gado na shida, nawa ne awon jininta na asuba kuma me aka yi a kai? Wallahi ina tsaye dab da ita, ina ganin lambar a rubuce a littafinta da hannunta, 160 bisa 100, har ta ja layi a ƙasa ta rubuta lokacin da aka ba matar magani, komai tsaf, amma baki ya ƙi buɗuwa. Leɓenta na rawa, gumi ya tsatso mata a saman hanci, biron da ke hannunta har kaɗawa yake, ta ɗago ta kalli sista ta sake sunkuyar da kai. Masu jinya sun zuba ido, sauran ɗalibai sun yi tsit. Sista ta ja tsaki tace wai ku me ake koya muku a makarantar ne, ta wuce gado na gaba.

Bayan an watse na shiga ɗakin da muke ajiye kayan aiki zan ɗauko safar hannu, sai na tarar da ita tana ninke zanin gadon da dama a ninke yake. Nace ƙanwata ai kin san amsar, na gani a littafinki. Sai hawaye, tace Anti ni dama ba ni da kai, kawai na shigo aikin da ba nawa ba ne, kuɗin Baba nake ɓatawa. Maganar nan ta daɗe tana min yawo a rai, domin ku lura ba cewa tayi na tsorata ba, ba cewa tayi gabana ne ya faɗi ba, a'a hukunci ta yanke wa kanta gaba ɗaya, wai ba ta da kai. Tsoro na minti ɗaya ya koma shaida a kan ko ita wacece. Wannan tsallaken, daga faɗuwar gaba zuwa raina kai, shi nake so mu tsaya mu duba da kyau, don na ga ya cinye ɗalibai da yawa masu ƙoƙari, mu kuma da ke kansu muna kiran abun da wani suna daban.

Sunan da muka fi ba shi shine kunya, kuma anan gizo ke saƙar. A gidajenmu yarinyar da ba ta ɗaga ido ta kalli babba, ba ta magana in manya na magana, in an yi baƙi ta gaishe su ta shige ɗaki, ita ce ake cewa mai tarbiyya, ita ake yi wa sauran misali da ita. Kuma gaskiya kunya abu ne mai kyau, ni ba zan taɓa zaginta ba, addini ma ya yabe ta. Amma mai kunya ta gaskiya tana da zaɓi, ta yi shiru ne don ladabi, in buƙata ta taso za ta buɗe baki ta faɗi abinda ke gabanta cikin natsuwa, kuma in ta koma gida barcinta take yi. Wadda nake magana a kai tana so ta yi maganar, ta shirya ta, ta maimaita ta a zuci sau goma, amma jiki ya ƙi, sannan ta kwana tana zagin kanta. Daga waje kamanninsu ɗaya, a ciki kuwa sun sha bamban kamar dare da rana. Shi yasa yarinya za ta yi shekara goma tana fama ba wanda ya gane, don duk alamomin ciwon nata a gida yabo ake mata a kansu, sai ranar da ta sa farin yunifom aka tsayar da ita gaban gado, abun da ake yabonta da shi jiya yau shi ake mata tsawa a kai. Ni kan tuna wa ɗalibaina maganar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ta yabi matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kenan tun can an san akwai shirun da ba kunya ba ne, hana kai alheri ne.

A wurin likitocin ƙwaƙwalwa abun yana da suna da iyaka. Tun 1980 littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ake kira DSM, ya ware shi a matsayin larura mai zaman kanta, mu dai bari mu kira shi fargabar idon jama'a. Gundarinsa shine tsoro mai tsanani na duk wani yanayi da za a iya zuba maka ido a auna ka, kamar magana gaban aji, cin abinci cikin mutane, gaisawa da wanda ba ka sani ba, yin aiki wani na kallo, kuma abinda ake tsoro ba mutanen ba ne kansu, tsoron shine kar in yi abinda zai sa a raina ni, ko a ga rawar da jikina ke yi. Ba duk faɗuwar gaba ce ciwo ba, kowa gabansa na faɗuwa ranar da ya fara yin allura, wanda ma bai ji komai ba shi ne abun tsoro. Ana kiransa larura ne in tsoron ya fi ƙarfin abinda ke gaban mutum, ya ɗauki wata shida ko fiye, kuma ya fara hana shi karatu ko aiki ko mu'amala. Yawanci yana farawa ne wajen shekara 13, wato ɗalibar da ta shigo makarantar jinya tana da 18 ko 19 ba anan ta samo shi ba, da kayanta ta zo, makarantar dai ta kwance ƙullin ne.

Kuma in ka duba yadda karatun jinya yake, kamar an tsara shi ne don ya taɓa daidai inda ke mata ciwo. Mai karanta lissafi ko tarihi zai iya zama bayan aji shekara huɗu bai ce uffan ba, ya rubuta jarrabawa ya fita da sakamako mai kyau. Jinya ba haka ba ce, ko ka bi ta kwalejin jinya ko ka bi ta digirin shekara biyar irin na ABU Zariya ko BUK, aikin a gaban ido ake koyonsa. Tun PTS, watannin farkon nan da kowa ke kwana da fargabar in ya faɗi za a sallame shi, an riga an shuka maka cewa ana tace ku ne. Daga nan ɗakin gwaji, a ce fito ki nuna mana yadda ake gyara gado ko wanke ciwo, ajin gaba ɗaya na kallo. Sai fostin, inda ido ya zama kashi-kashi, ga majinyaci, ga masu jinya da 'yan dubiya da ba sa fita ko an ce su fita, ga sista, ga likita mai zagaye da tawagarsa, ga 'yan ajinku. Sai gabatar da kes, wato bayanin ciwon wani majinyaci a gaban mutane. Sai uwa uba OSCE, gwajin aiki a aikace na jarrabawar Kansul, wato hukumar da ke ba nas lasisi, tasha-tasha, kowace tasha 'yan mintuna, ƙararrawa na kaɗawa, mai jarrabawa na zaune da takarda yana duba abinda kika yi da wanda kika tsallake, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Wanda tsoronsa shine a auna shi, to an kawo shi inda awo ne safe da yamma.

Me ke faruwa a cikin kanta a wannan minti ɗayan? Wasu masana biyu 'yan Ingila, David Clark da Adrian Wells, sun yi bayaninsa a 1995 kuma ni dai ban ga bayanin da ya dace da abinda nake gani a ɗaki kamarsa ba. Suka ce da zarar mai wannan larura ya ji ido a kansa, hankalinsa sai ya bar waje ya juya ciki, ya koma gadin kansa. Maimakon ta kalli jijiyar da za ta sa wa kanula, wato allurar robar nan ta ƙarin ruwa, tana sauraron bugun zuciyarta ne, tana jin zafin fuskarta, tana tambayar kanta shin sun ga hannuna na rawa? Sannan sai ta ɗauki abinda take ji a jiki ta mayar da shi hoton yadda take zaton ana ganinta, tunda ina jin kamar zan faɗi to lallai kowa ya ga wata sakarya na kakkarwa. Alhali mutane ba sa ganin rabin abinda muke zato. An taɓa gwada wannan a jami'ar Cornell ta Amurka, aka wallafa a 2000, aka sa wa ɗalibai riga mai hoton da suke jin nauyin sawa aka tura su cikin ɗaki, su suna zaton kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton, ashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. To amma ita ba ta ɗago kai ba balle ta ga cewa mai jinyar can hankalinta na kan kwanon kunu ne. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar kaya biyu masu nauyi lokaci guda, in rabin hankali ya tafi gadin kai, abinda aka haddace jiya da daddare sai ya ɓace ɓat, shi yasa za ta fito daga tashar OSCE tana taka bakin ƙofa amsar ta dawo mata.

Abun bai ƙare a nan ba, yana da gaba yana da baya. Tun daren jiya ta fara, ta kwanta tana hasko duk yadda gobe za ta lalace, tana tuno duk ranar da aka taɓa mata dariya tun firamare, kafin gari ya waye ta gaji tun ba a fara ba. Bayan an tashi aiki kuma sai bita, a cikin adaidaita sahu, a hostel, a kan sallaya ma, tana juya abun tana sake juyawa, me yasa nace kaza, kin ga yadda wance ta kalli wance, kuma duk juyi ɗaya abun ƙara muni yake a idonta. Abubuwa tara da ta yi daidai ranar ba sa shiga lissafi, guda ɗayan da ta yi tuntuɓe shi ake ajiyewa. Yau ɗaya gobe ɗaya, cikin shekara ta tara kundi guda na hujjoji a kan cewa ita ba komai ba ce, kuma ita ce mai ƙara ita ce alƙali.

Inda abun ya fi ba ni tsoro shine dabarun ɓuya, don su ne suke mayar da zato ya zama gaskiya. Duk wanda ya yi aiki da ɗalibai ya san su ko bai san sunansu ba. Ita ce mai saurin cewa bari in kai jini lab, bari in karɓo magani, bari in raka mara lafiya hoto, duk aiken da zai fitar da ita daga ɗakin lokacin da za a yi wani aiki a gaban mutane. Ita ce mai riƙe tire kullum wata na sa kanula. Ita ce mai son aikin dare don ba zagayen manya. In an raba aikin rukuni ita za ta yi duk binciken ta rubuta, wata ta tashi ta gabatar ta kwashe yabon. In ba ta gane abu ba ba za ta tambaya ba, sai ta gyaɗa kai. Kowace dabara tana ba ta sauƙi na ranar, ta tsira, numfashi ya dawo. Amma lissafa kuɗin da ta biya. Ƙawarta ta sa kanula sau talatin a fostin ɗin nan, ta kuskure goma ta samu ashirin, hannunta ya faɗa. Ita ta sa sau biyu. Ranar da aka tilasta mata ta yi a gaban sista dole hannunta ya gaza na ƙawarta, ba don ba ta da kai ba sai don bai saba ba, amma ita abinda za ta karanta shine kin gani ko, dama na faɗa. Da farko raina kan nata zato ne kawai, yanzu ta samo masa shaida ta zahiri wadda ita da kanta ta ƙera ba ta sani ba. Kuma ko ranar da abu ya yi kyau ba ta ɗaukar ladan, sai tace don na yi shiru ne ba a gane ni ba, ko jijiyar ce mai sauƙi.

Masu bincike in za su auna ganin kimar kai sun fi amfani da ma'aunin Morris Rosenberg na 1965, jimloli goma ne kacal, mutum ya faɗi ko ya yarda ko bai yarda ba, irin su ina jin ina da kima daidai da sauran mutane, ko wani lokacin ina jin ba ni da wani amfani. Duk sanda aka haɗa shi da ma'aunin fargabar jama'a a tsakanin ɗalibai abinda ake yawan samu ɗaya ne, in wannan ya hau wancan ya sauka. Sai dai a yi hattara, ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Wani nazari da aka fitar a 2013 wanda ya tattara binciken da aka bi mutane na tsawon lokaci ya nuna cewa tsakanin fargaba da raina kai abun kusan ba-ni-in-ba-ka ne, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Ni wannan ya fi kwanta min, don haka nake gani. Akwai kuma bayanin Mark Leary da nake so, shi a ganinsa kimar kai kamar allurar mai ce a mota, tana nuna maka ne yawan karɓuwar da kake ji kana da ita a wurin mutane. To mai fargabar jama'a allurarta ta lalace, tana nuna tanki ya ƙare alhali da mai a ciki. An yi shiru, tace an tsane ni. An yi dariya a bayan aji, tace da ni ake. Shi yasa ce mata ki yarda da kanki mana ba ya aiki, kamar ka ce wa mai zazzaɓi daina jin sanyi ne.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu manya, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai wata al'ada a ɗakunan asibiti da muka gada muka kuma riƙe, ta dizga ɗalibi a gaban majinyaci da sunan horo. Mu ma haka aka yi mana, shine hujjar. Na san aikin da nauyi, nas ɗaya a kan gado ashirin ko fiye, abokan aiki na ta ficewa ƙasashen waje, albashi ba ya kai wata, ga ɗalibai goma an jibge maka ba wanda ya tambaye ka, haƙuri na ƙarewa, ban musa ba. Kuma gyara dole ne, rai ake riƙewa ba wasa ba. Amma akwai bambanci tsakanin kin ɗaure igiyar nan ta yi sako-sako, sake ɗaurewa, da kuma ke kam ba za ki taɓa zama nas ba. Na farko ya taɓa aikin, na biyu ya taɓa mutum. Ɗalibar da zuciyarta ke da ƙarfi za ta ji tsawar ta fita ta yi gulmar sista da ƙawayenta ta manta. Wannan kuwa maganar ta faɗa ne daidai kan abinda dama take faɗa wa kanta kullum, sai yanzu ga babba mai igiya a kafaɗa ta sa hannu a kai. Kuma majinyacin da ya ji an ce mata ba ta iya ba, gobe in ta zo da allura cewa zai yi a'a 'yar nan kira min babbar, shikenan an sake rufe mata wata ƙofar koyo. Ni kaina na taɓa yi wa wata ɗaliba irin wannan tsawar a wani dare da aiki ya cakuɗe, kuma na ga yadda ta daina zuwa kusa da ni har fostin ya ƙare, abun na raina har yau.

Ga kuma turanci, wanda ba a cika faɗa ba amma yana nan. Yarinya ta fito daga makarantar gwamnati a ƙaramar hukuma, ta ci jarrabawarta da guminta, tana fahimtar littafi sarai, amma ta san in ta tashi magana harshenta zai iya mayar da p ta zama f, kuma ta taɓa jin ƙus-ƙus ɗin 'yan makarantar kuɗi a bayanta, to daga ranar ta kulle bakinta. Abun mamaki irin waɗannan in ka gan su a bakin gado da wata tsohuwa daga ƙauye, sannu Iya, ya jikin, ina ne ke miki ciwo, kin samu kin ci wani abu, wallahi sun fi kowa iya jinya, tsohuwar ba ta yarda da kowa sai su. Amma ba a ba da maki a wannan, ko an bayar ita ba ta ƙirga shi a matsayin iyawa. Ɗaliban da ba Hausawa ba su ma suna da nasu, tsoron kar su kwaɓa Hausa masu jinya su kwashe da dariya. Maza kuwa nasu ya fi ɓoyuwa, saurayi ba zai ce ina jin tsoro ba, ga masu tambayarsa wai me ya hana ka karanta likita, ga fostin ɗakin awo da na haihuwa inda wata za ta ce ita namiji ba zai taɓa ta ba, wanda haƙƙinta ne, amma shi a ransa ƙi ne aka yi masa. Sai ka ga yana fashin fostin ko yana ɗaure fuska, a ce girman kai ne ko lalaci.

Kar wani ya ɗauka wannan matsalar ɗalibi ce shi kaɗai, tana isa kan gado. Nas ita ce idon da ke kan mara lafiya awa ashirin da huɗu, kuma rabin amfaninta a baki yake, ta ce likita numfashin matar nan ya canza, ta ce sista anya wannan adadin maganin daidai ne, ta ce ban gane ba a sake min bayani. Wadda ta yarda a ranta cewa ita ba kowa ba ce, ko ta ga kuskure za ta ce ƙila ni ce ban gane ba, su wa ni wa. In ita ta yi kuskuren kuma, tsoron tozarci zai iya sa ta rufe maimakon ta faɗa da wuri a gyara.

Da yake ba a gane abun ba, magungunan da ake nema ma sai su karkace. Wasu a gida a ce kambun baka ne ko shafar aljanu tunda tana shiga mutane jikinta ke rawa. Addu'a kam ba abinda ya fi ta, ni kaina kafin in tsaya gaban taro ina karanta addu'ar Annabi Musa ta cikin suratu Ɗaha, ya Ubangiji ka buɗa min ƙirjina ka warware ƙullin harshena, amma addu'a ba ta hana neman magani. Wanda ya fi tayar min da hankali shine ɗalibar jinya ta san sunan ƙwayoyi kuma hannunta na kaiwa gare su, sai wata ta raɗa mata ki sha rabin diazepam kafin ki gabatar, ko tramadol yana sa ƙarfin hali. Ranar farko zai yi kamar ya yi aiki, daga nan an buɗe ƙofar da rufe ta sai an sha wuya, kuma ko ba a kamu ba ta sake koya wa kanta cewa ba ita ta iya ba, ƙwaya ce. Ga tsoron zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, don da an ji Dawanau ko Barnawa ko Kware sai a ce hauka, har a cikinmu ma'aikatan lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma canza doka ya fi canza bakin mutane sauƙi, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Alhali larura ce da ke jin magani. Wanda aka fi samun nasara da shi magani ne na zama da ƙwararre ana tattaunawa ana gwaji, wanda ake kira CBT, in abun ya yi tsanani likita kan haɗa da ƙwayoyin da aka tanada don haka, a ƙarƙashin kulawarsa. Kuma ruhin wannan maganin abu ne da malamin jinya zai iya aro wani ɓangare nasa ko ba asibitin ƙwaƙwalwa kusa. Ba wai a jira sai tsoro ya tafi sannan a yi aiki ba, ana yin aikin ne da tsoron a jiki, kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana kuma ajiye dabarun ɓuyan nan ɗaya bayan ɗaya. Ba jefa ta za a yi tsakiyar kogi ba, a ce gobe ke za ki gabatar gaban kowa don ki saba, wannan sau da yawa ƙara ƙona ta yake. Yau ta ba ni rahoton gado ɗaya ni kaɗai. Jibi ta bayar gaban mutum uku. Ta yi tambaya ɗaya a kowane zagaye ko da ta san amsar. Kafin ta yi ta rubuta abinda take zaton zai faru, za su yi dariya, muryata za ta ɗauke, bayan ta gama mu duba tare ko ya faru. Ta koyi mayar da idonta waje, kan jijiya, kan fuskar majinyaci, kan abinda ake faɗa. Wasu ma ana ɗaukarsu a waya suna gabatarwa su kalla da kansu, don su ga rawar da suke ji kamar girgizar ƙasa a hoto da ƙyar ake ganinta. Yabon da za a yi mata kuma ya zama na abu takamaimai, na ga yadda kika lallashi yaron nan kafin allura, don in ka ce kina da ƙoƙari kawai cewa za ta yi tausayina ake ji. Gyara kuma a ja ta gefe, minti biyu ne.

Yarinyar gado na shida haka muka yi da ita sauran sati ukun da suka rage mata. Na hana ta zuwa lab, duk aiken waje na ba wasu, ranar farko har ta ji haushina. Na ce kullum kafin handoba ki same ni ki karanta min gado biyu. Kanula kuma muka fara da wata mata mai jijiya a fili, na ja labule na sallami masu jinya, na tsaya ta bayanta inda ba za ta ga fuskata ba. Ta farko ta fasa jijiyar, ta juyo a firgice tana jiran tsawa, nace cire ki danne da auduga, ki ba ta haƙuri, mu koma ɗaya hannun. Matar ma da kanta tace yi abinki 'yata, ai da koyo akan iya. Ta biyu jini ya taso a bututun. Hannunta bai daina rawa ba har ta gama manna filasta, kuma ranar da fostin ya ƙare muryarta a handoba har lokacin sai an kasa kunne ake ji, amma ta faɗi gadajenta huɗu da bakinta, sista ta tambaye ta fitsarin gado na biyu nawa ne cikin dare, ta duba littafi ta ba ta amsa. Da za su tafi na rubuta mata sunan asibitin da ke da likitan da za ta gani a takarda, na ce ta je ko da ƙawarta ce ta raka ta, ta ninke ta sa a aljihun yunifom.